Kaza a Kwalin Kwamfuta

Jikata Nana ce take rubuta wannan, domin ni ban yi boko ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Kwamfutarta ce ma ta tayar da zancen. Ta saye ta ta intanet saboda karatunta, ba ta ga mai kaya ba, shi ma bai gan ta ba, aka kawo mata har tasha. Da ta kunna sai ta ga ba irin wadda aka nuna mata a hoto ba ce. Ta zo ta zauna a bakin gadona tana huci, wai ƙa'ida ta ba ta dama ta mayar, amma mai kayan ya ce sai a cikin kwalinta. Na ce ina kwalin? Ta nuna mini shi a bayan ƙofa, an farke shi tun daga sama har ƙasa.

Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mini, don na san abin da Malam zai ce da yana nan. Malam maigidana ne, kakanta. Bara da damina Allah ya karɓi abinsa, kuma har yau in na ce zan ambace shi sai murya ta tsaya. In kun ga magana ta yanke a wani wuri, to ni ce na tsaya share ido, Nana ta jira ni.

Ku yaran yanzu kuna ganin ku kuka fara sayen abin da ba ku gani ba. Kuna kuma ganin sayar da shi ba wani aiki ba ne, a karɓa a can a miƙa a nan. Mu wannan sana'ar muka ci abinci da ita a Kontagora tun zamanin soja, lokacin da in za ka yi magana da Kaduna sai ka je gidan waya ka bi layi. Shagon oda ake ce wa namu. A jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya tana kallon hanyar tasha, ɗaya tana cikin gida. Maza su zo wa Malam ta waje, mata su shigo wurina ta ciki. Mutum ya faɗi abin da yake so, ko keken ɗinki, ko rediyo mai kaset, ko fanka, ko injin markaɗe, ya biya, Malam ya tafi Kaduna ko Kano ko Ikko ya kawo.

Duk wanda ya biya, akwai maganar da Malam yake yi masa kafin ya tashi: "Ba ka ga kayan nan ba ka ba ni kuɗinka. In ya zo ka gan shi bai yi maka ba, ka dawo da shi yadda na ba ka." Ya ce a wurin karatu ya ji cewa wanda ya sayi abu bai gani ba yana da zaɓi ranar da ya gani. Bai ƙara komai a kai ba, bai kuma rage ba har ya bar kasuwa.

Amma faɗin maganar ba shi ne aikin ba. Aikin yana cikin kwali, kuma kwali nawa ne. Dilan da ke can ba ya karɓar kaya tsirara. In ka mayar masa da fanka ba kwali, ba leda, ba farin soson da ake tokare ta da shi, sai ya ce tsohuwa ce ka kawo masa. Mutanenmu kuwa in kwali ya shiga gida bai kwana da rai. A shimfiɗa wa yaro, a toshe taga, a hura wuta. Shi ya sa muka ware ɗaki guda na kwalaye, muka ɗora katako a kan duwatsu saboda gara. Mai kaya ya tafi da kayansa, kwali ya zauna wurina, na ɗaura masa tsumma mai launi don in san na wane ne. Sai ranar da ya dawo ya ce ya gamsu nake miƙa masa. Kayan aikina ba su da yawa: reza, igiyar rama, sitacin rogo, da takardar buhun siminti.

Da keken ɗinkin wani tela daga Beri na koyi buɗe kwali. Malam ya riƙe hannuna da rezar a ciki, ya ce in bi bakin gam kawai, kada in zurfafa, kada in yi sauri. Ya sa na fito da komai ɗaya bayan ɗaya, na jera a tabarma yadda suka fito, sannan ya ce in mayar. Na mayar, murfi ya ƙi rufuwa. Ya zauna yana cin gyaɗa yana kallona, sai da na yi ta yi har murfin ya kwanta da kansa. Ya ce duk wanda bai iya mayar da kaya ba bai isa ya buɗe shi ba.

Keken nan kuwa dawowa ya yi. Ƙanen telan ne ya zo ya yi odar, ya ce keke mai kyau, bai faɗi cewa yayansa ƙafarsa ɗaya a shanye take ba. Aka kawo na takawa, shi kuwa na hannu yake iya ja. Keke lafiyarsa lau, ba abin da ya same shi. Maƙwabcin shagonmu ya ce wa Malam wannan ai ba laifinka ba ne, su je su sayar. Malam ya ce mutumin ya ga keke, keke bai yi masa ba, magana ta ƙare. Na mayar da shi cikin kwalinsa kamar ba a taɓa buɗewa ba, aka canzo na hannu. Telan nan har ya rasu shi yake ɗinka wa Malam rigar sallah.

Kada ku ɗauka kowa muke karɓa wa. Akwai wani saurayi da ya karɓi rediyo mai kaset ana gobe bikinsa. Da aka watse sai ga shi ya dawo da ita, wai sautinta bai yi masa ba. Na duba, ga shatin manja a jikin maɓalli, ga batir ya yi zafi ya zubo. Malam ya danna maɓalli kawai. Ashe saurayin ya manta kaset a ciki. Sai ga guɗa, ga maroƙi yana kiran sunan angon da na ubansa. Muka saurara har ya ƙare. Malam ya ce, "Sauti kam ya fita, ango. Allah ya ba da zaman lafiya, ɗauki rediyonka." Dama ce ta ka duba kaya, ba ta ka more shi ka dawo da saura ba.

Sai shekarar da kuɗi ya lalace. Abin da ka sayo yau, in ka koma wata mai zuwa ya kusa ninkawa. Diloli suka fara ƙin karɓar kaya, masu shaguna a nan suka rataya allo, aka ce mini an rubuta cewa abin da aka saya ba a dawowa da shi. Mu kuwa kaya suka taru a ɗakin kwalaye, risho ne, fanka ce, agogon bango ne, mun karɓa daga masu su, can kuma an ƙi karɓa daga gare mu. Na sayar da awakina. Muka yi watanni miya ba ta ga nama ba. Wata rana na gaji, na ce wa Malam shi ma ya rataya allon nan kamar kowa. Ya dube ni ya ce, "Uwar Sani, ke kanki ba za ki iya karanta shi ba. In rataya abin da zai cuci irinki, sannan in ce ai na rubuta?" Ban sake ɗaga zancen ba. A hankali muka sayar da kayan nan da asara, muka fita shekarar da ƙyar, amma mun fita da mutanenmu.

Kwamfuta ta zo ne can baya, gab da sojoji za su sauka. Wadda ta yi odar Malama Rahila ce, Kirista, mutuniyar wani ƙauye a wajen Nasko. Ta daɗe tana buga tafireta a ofis, aka rage ma'aikata da ita a ciki. Mijinta ya rasu, ga yara, ga tsohuwarta da ta ɗauko daga ƙauye. Ta ce mutane sun daina son bugun tafireta, tana so ta buɗe shagon buga takardu da kwamfuta. Duk abin da aka sallame ta da shi ta kawo, ba ta rage ko na cefane ba. Malam bai taɓa sayen irin wannan ba, kuma a lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, tafiya tana ba shi wuya. Sai ya yi magana ta waya da wani dila a Ikko wanda wani abokin kasuwa ya haɗa su, aka ɗoro ta a mota. Mu ma ke nan ba mu gani ba muka saya.

Kwali biyu ne. Babba na mai kama da talabijin, ƙarami na akwatin da aka ce nan ƙwaƙwalwar take. Ranar ce kaɗai muka bar kwali ya fita tare da kaya, don abin ba ya son girgiza, ba a ɗora shi a amalanke tsirara. Malam ya ja wa Rahila kunne ta adana su, ta ce to, ta kai su ɗakin ajiya ta rufe.

Ba a jima ba ta dawo, idonta ja. In an kunna sai ta yi aiki kaɗan, da ta ɗauki zafi sai ta mutu da kanta, rubutu ya tafi. Wani malamin kwaleji da ya san abin ya duba ya ce ciwon daga ciki yake, ba na gyara a nan ba ne. Malam ya je gidan waya. Dilan ya ce a kawo, amma cikin kwalayenta, komai cif, kuma kafin ƙarshen wata, don shi ma mayarwa zai yi wa waɗanda suka shigo da ita. In ba haka ba, babu ruwansa. Kuɗin kuwa ko mun sayar da shagon da abin da ke ciki ba za mu iya biyan Rahila ba.

Muka ɗunguma gidanta, ni da Malam yana dogara sanda. Ƙaramin kwali yana nan lafiya. Babban ne babu a ɗakin ajiya. Muka same shi a bayan madafa, an yanke masa ƙofa a gefe, an zuba ciyawa, ga kaza mai wake-wake a ciki ta baje a kan ƙwai. Kusa da shi Mama Tani, tsohuwar Rahila, tana zaune a kujera 'yar tsugune tana gadi.

Rahila ta ɗora hannu a ka. Ta yi wa uwarta magana da yarensu, da sauri, tana nuna kwali tana nuna mu. Tsohuwa ta bari ta gama, sannan ta juyo ta amsa da Hausa don mu ji. Ta ce ta ga ɗaki mai kyau ba kowa a ciki, kazarta kuma tana neman wurin kwanci, muzuru ya hana ta sakat. Ta ce in aka tashe ta yanzu ƙwai zai yi sanyi, ba za ta koma ba. "Ke da injinki, ni da kazata," in ji ta. "Da na baro gona, ita kaɗai na riƙo."

Ni raina ya ɓaci, na ga abincin gida guda zai tafi saboda kaza. Malam kuwa sai ya jingine sandarsa, ya tsuguna da ƙafafun nan nasa, ya gaishe ta da kyau. Ya tambaye ta yaushe kazar ta kwanta, uwarta ma mai yawan ƙyanƙyasa ce? Tsohuwa ta saki fuska, ta ba shi labarin kazar tun daga kakarta. Sai da ta gama ya gaya mata a hankali cewa in kwalin nan bai koma ba, aikin 'yarta na shekaru ya tafi. Ta dubi kazar. Ta ce ita ba a gaya mata haka ba, an dai ce kada yara su taɓa. Ya ce, "Mama, ba za a taɓa ta ba sai da hannunki. In ta ƙi sabon wuri, mu bar mata kwalin, in san yadda zan yi." Na harare shi, don na san babu yadda zai yi.

Muka jira magariba, lokacin da idon kaza yake rage gani. Na samo tsohuwar randa mai fasasshen gefe, na ɗumama cikinta da toka mai ɗumi na share. Tsohuwa ta ɗaga kazar ta rungume a ƙirji tana yi mata magana da yarensu. Na kwashe ciyawar nan tata ita kanta na shimfiɗa a randa, na jera ƙwai yadda na same su, Rahila ta janye kwali, muka ajiye randar daidai inda yake, bakinta yana kallon inda ƙofar take kallo. Aka sauke kaza. Ta tsaya, ta leƙa, ta fito ta zaga randar tana ƙorafi. Ba wanda ya yi motsi. Ta sake leƙawa, ta shiga, ta juya ƙwai da baki, ta zauna. Na ji Rahila ta saki numfashi tana kiran sunan Allah, Malam ma yana hamdala.

Sauran aiki nawa ne. Guntun da aka yanke, tsohuwa tana fifita wuta da shi, gefensa ya ɗan babbake. Na karɓa. Farin soson kuma yara sun ɓalle shi suna wasa, muka bi gida muka tsinto, ɗaya har a kan rufi. Inda ya ɓace na ɗinka ɗan matashi da audugar rimi na cike gurbin. Na kankare kashin kaza, na shanya kwali a rana, na dama sitaci mai kauri, na mayar da ƙofar na liƙe ta ciki da waje da takardar siminti, na danne da dutsen niƙa har ta bushe. Wari ne ya ƙi fita, sai na kifa shi a kan kasko na yi masa turaren wuta kamar ɗakin amarya.

Malam ya ce shi zai kai da kansa. Na ce ƙafafunsa, ya ce direba ba zai iya ba da amsa ba in an yi tambaya. Na ce to ya juya wajen facin ya kalli bango in ya ajiye. Ya ce a'a, shi zai fara nunawa.

Ya yi sama da mako bai dawo ba. Kullum Rahila sai ta biyo ta cikin gida ta zauna kusa da ni, mu tsince shinkafa tare ta tafi. Da ya dawo ƙafafunsa ba sa shiga takalmi, amma da sababbin kwalaye biyu a bayan mota.

Ya ce da dilan ya ga faci ya shinshina kwali, sai ya tambaya me ya faru. Malam ya ba shi labarin kaza da ɗan Turancinsa na kasuwa. Mutumin ya yi dariya har ya kira maƙwabtansa a sake ba su. Da dariya ta ƙare sai ya ce kwali ya lalace, ba zai karɓa ba. Malam bai yi faɗa ba. Kowace safiya sai ya je ya gaishe shi, ya zauna a benci kusa da kayansa. Rannan ya ce masa, ka ga kwalinka na kawo maka da gaskiyarsa, kai ma kunna injinka mu ga tasa gaskiyar. Aka kunna a gaban masu ciniki, ta yi aiki kaɗan, ta ɗauki zafi, ta mutu. Dilan ya canza ta, amma ya cire wani abu na kwali. Malam ya cika daga aljihunsa, ya hana ni gaya wa Rahila. Yanzu kam in ta karanta ta ji.

Wannan ita ce tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Ikko. Daga nan Sani, babban ɗanmu, ya karɓi hanya, shi kuma ya zauna a shago. Sabuwar kwamfutar ta yi wa Rahila aiki shekara da shekaru, da ita ta yi wa yaranta makaranta. Da aka yi rasuwar Malam tana cikin waɗanda suka fara shigowa, ta zauna inda take zama da, ta riƙe hannuna har yamma.

Mama Tani kuwa, bayan kazar ta ƙyanƙyashe sai ga ta a ƙofar shago da 'yan tsaki biyu a ƙwarya. Ta ajiye a gaban Malam ta ce kazarta ta zauna a ɗakinsa, ga kuɗin haya. Ya karɓa da hannu biyu. Kajin da kuke gani a tsakar gidan nan duk jikokinsu ne. Shi yake watsa musu tsaba in ya dawo daga masallaci da asuba. Har yau da gari ya waye sai su taru a ƙofar ɗakinsa suna jira, ni kuma in tsaya daga nan ina kallonsu, in kasa fita. Ranar sadakarsa yara suka ce a yanka su, na ce su ɗiba, amma su bar mini mai wake-waken da ta biyo kazar Mama Tani. Allah ya jiƙan Malam, ya sa yadda ya sauƙaƙa wa mutane a sauƙaƙa masa.

To, Nana, ajiye alƙalamin haka nan. Goge kwamfutar, ki haɗa wayoyinta da ledarta, kada ki bar ko ɗaya. Ki ɗora mini ruwa a wuta, akwai sitaci a gwangwanin da ke ƙarƙashin gado, rezar tana ciki. In kin yi magana da mai kayan ki gaya masa ke kika farke kwalin, kakarki ta liƙe. Miƙo mini shi nan in ga ta inda zan fara.